Dattijon Panteka da tsohon Lister ɗinmu

Injin jirgin ruwanmu da ke jigila a Shiroro tsohon Lister ne mai silinda ɗaya, ƙirar Ingila, gadon marigayi Baba. Da hannu ake murza shi. Bana ya kama tari da farin hayaƙi, sai ka yi gumi sharkaf kafin ya tashi. Na ɗoro shi a mota zuwa wajen wani dattijon bakanike a Panteka.

Bai taɓa sifana ba sai da ya tsiyayi man tanki a kwalba ya ɗaga sama. Ga ruwa nan kwance ƙarƙashin gas. "Alhaji, wannan ne ya cinye maka nozul," in ji shi, yana nufin bakin da ke fesa mai cikin silinda. Ya wanke tanki, ya sauya nozul da ringi, ya wasa bawul, sannan ya fitar da iskar da ta maƙale a bututun mai. Murzawa biyu injin ya kama, tum-tum-tum, sai ka ce injin niƙan unguwa.

Inda ya ɓata mini rai, kwana 3 ya ce, muka kwashe 11, wai ana neman gasket. Waya kuwa ba ya ɗauka sam. Kuɗin aiki dai bai tsawwala ba, har tsofaffin kayan ya ƙulla mini a leda.