Tsohuwar Land Cruiser 80 da na saya, da shagon da nake ɗaukar kayanta a Ƙofar Ruwa

Tun ranar da na ɗora hoton motar nan ta yi dumu-dumu da laka a hanyar gona mutane ke ta tambayata nawa na saya, ina nake samun kaya, wai su ma za su iya shiga harkar? Toh yau dai bari na amsa gaba ɗaya, tunda ta yi damina biyu a hannuna, ba irin wanda zai hau mota sati ɗaya ya zo yana zuba yabo ba.

Land Cruiser 80 ce ƙirar 1996, mai giyar hannu, injin gas (wato dizal) mai suna 1HZ. Toyota sun fara fitar da wannan samfurin a 1990, sai a 1998 ta 100 ta gaje ta, kun ga ke nan ta girmi wasu da ke karanta wannan. Injin lita 4.2 ne, silinda 6 a jere, ba tobo ba kwamfuta, injekta famfo ne kawai da nozul, kuma abin da ya ja ni ke nan, don gonata tana can wajen Doguwa ta ɓangaren Riruwai, in ka sauka daga kwalta akwai burji da rafi biyu, kuma in mota ta tsaya maka a can babu mai zuwa da na'urar duba kwamfuta, sai dai sifana da addu'a.

Motoci uku muka gani kafin wannan. Ta farko sai sheƙi take, sabon fenti, an wanke injin fes har da shafa mishi mai, dillalin yana ta rantsuwa wai "Alhaji wannan ta wata Hajiya ce, daga gida sai kasuwa". Ni har na fara lissafin la'ada. Bakanikena bai ce komai ba, ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi da tocila da sukundireba, bayan kamar minti biyar ya ce "Alhaji ɗan duƙo". A daidai inda akwatin sitiyari ya ɗauru da shasi akwai walda mai kauri an shafe ta da baƙin fenti, kuma wurin dama an san 80 da tsagewa a nan in ta sha gargada da manyan tayoyi. Hajiyar kam ko a Agadas take cefane. Muka yi sallama.

Wadda na saya ta fi su duka muni a ido, fenti ya koɗe, kujerar direba ta yage soso a waje. Amma bakanike ya kafe sai dai mu je da sassafe bayan asuba, kuma kar kowa ya tada ta kafin mu iso. Muna zuwa ya fara ɗora tafin hannu a kan injin ya ji sanyi ƙalau, sannan ya murɗa makulli, fitilar hita ta mutu, bugu ɗaya ta tashi, ɗan hayaƙi ya fita ya washe. Ya cire murfin baƙin mai yana kallo ko zai yi ta huci, ya buɗe lagireto yana duba kumfa, babu. Muka haɗa lambar shasi da ta takardar kwastam harafi bayan harafi. A nan ne ya ce min "wannan mummuna ce amma lafiyayya", na biya.

Shawarar da ya ba ni a ranar ita ce na fi gode mishi a kai: kar na taɓa fenti ko kujera sai an gama da ƙasa. Aka fara da taimin bel. 1HZ bel yake amfani da shi ba sarƙa ba kamar mai fetur ɗin 1FZ, akwai ma fitilar T-BELT a dashbod da ke kamawa in an ci kilomita 100,000, to amma a tsohuwar mota wa ya san wanda ya kashe ta ko ya zare ƙwan? In bel ɗin ya tsinke kana tafiya fistin ne zai daki bawul, aikin ya koma na sauke kan inji. Aka canza shi da tenshina da famfon ruwa lokaci ɗaya, aka wanke lagireto. Sai muka tarar an cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, wannan ɗabi'a ta garejinmu wallahi tana ba ni haushi, wai ƙasarmu da zafi ba a buƙatarsa, alhali mutanen da suka ƙera motar da shi suka sako ta. Na sa an mayar.

Babban aikin shi ne aksul ɗin gaba. In ka leƙa bayan tayar gaba ta 80 za ka ga wani dunƙulen ƙarfe kamar ƙwarya, a cikinsa joyin ɗin da ke juya taya yake, cike da giris. Akwai oyil sil a ciki da ke raba man dif, wato man giyar da ke tsakiyar aksul, da giris ɗin, in ya mutu sai su gauraye. Namu da aka kwance sai wani ruwa baƙi-baƙi ya zubo cikin tasa kamar miyar kuka da ta kwana, ga wari, yaron gareji har da toshe hanci. Boris ɗin sama da na ƙasa duk sun yi gurbi, shi ya sa sitiyarin ke rawa in an shiga rami.

A nan shagon ya shigo. Yana cikin Ƙofar Ruwa, ba zan faɗi sunansa ba kar a ce talla aka biya ni, ɗan ƙaramin shago ne da ko mutum uku ba za su zauna ba. Abin da ya fara burge ni, ina cewa kayan aksul ɗin 80 nake so mai shagon ya ce "ranka ya daɗe ba ni lambar shasi", don akwai bambanci tsakanin shekaru da kuma ƙasar da aka yi wa motar. Sannan ya jera min kala uku a kan benci, na kwalin Toyota, da na kamfanonin da dama su ke yi wa Toyota kaya irin su Koyo a boris da Aisin a famfon ruwa da kulochi, sai na ukun da shi da kansa ya kira "na a kai kasuwa", wato na mai gyara mota ya sayar. Ya ce boris ɗauki Koyo ka rage kuɗi, amma oyil sil ɗin ciki kar ka yi wasa, sayi na kwali.

Ban ji ba. Na ga kuɗin ya yi yawa, na bar sil ɗin na saya a wani wuri daban a hanya kusan kashi ɗaya cikin uku na farashin, kwalin ma iri ɗaya sak har da ja da fari. Sati uku mai ya fara tsiyaya ta bayan taya. Aka sake kwance komai, sabon giris, sabon kuɗin aiki, na koma shagon ina sosa ƙeya, mutumin nan ko "ai na faɗa maka" bai ce ba, ya miƙo min kawai ya nuna min yadda leɓen robar na gaske yake da laushi da ƙaramin sifirin a ciki mai ƙarfi.

Kayan inji ba sa wahala ko kaɗan, don 1HZ ɗin nan shi ne a cikin Coaster da yawa da kuma Land Cruiser 70 irin ta ƙungiyoyin agaji, filta, gasket, nozul, hita duk a take. Inda ake shan wuya kayan bodi ne, fitilar baya, robar ƙofa, injin gilashi, hannun ƙofa na ciki. Waɗannan sai tokumbo, ko ya sa a nemo a Ladipo ta Legas a yo mishi webil, ko a jira kwantenar Dubai don yawanci daga Sharja ake kwaso su. Robar ƙofar baya sai da na yi sati biyar ina jira, ƙurar hunturu tana shigo mana kamar a buɗaɗɗiyar mota muke.

Shagon ma yana da nashi. Ba sa ba da rasit sai ka matsa, farashin safe daban na yamma daban wai dala ta motsa, in mai shagon ba ya nan yaransa sai sun ɗora wani abu a kai, kuma in ya ce "jibi insha Allah" ka ƙara sati a ranka. Ga 'yan kamasho tun daga bakin kasuwa suna riƙe maka riga. Amma sau biyu na mayar da kayan da bai hau ba ya karɓa ba musu, kuma bai taɓa ba ni jabu da sunan orijina ba, ni a wurina wannan ya shafe sauran.

Ita motar kuma kar wanda ya yaudare ku, ba ta gudu. Ƙarfin doki wajen 130 ne yake jan ƙarfen da ya haura tan 2, in za ka wuce tirela a hanya sai ka hango sarari mai tsawo ka yi bisimilla. Tankinta lita 95, ni dai a lissafina lita ɗaya na kai ni wajen kilomita 8 in ban matsa mata ba, kuma kun san yadda gas yake yanzu, juye ma kusan lita 10 na baƙin mai take sha. Amma a watan Agusta da rafin farko ya kawo, na sauka na kulle hob na tayoyin gaba da hannu, na sa ogzilari a ƙaramar giya, buhun taki 10 a baya, ta shiga ruwan nan a hankali tana gurnani kamar tarakta ta fita ɗaya gefen ko tangal-tangal ba ta yi ba, masu babur da ke jiran ruwa ya janye suna ta ɗaga min hannu.

Wanda zai saya, in kuɗinka iya na motar ne kawai ka haƙura tukuna, ni abin da na kashe a gyara ya kusa rabin abin da na biya, kuma in cikin gari kawai za ka riƙa yawo wallahi Corolla ta fi maka. Saura AC da fenti yanzu, uwargida ta ce ba za ta ƙara zuwa biki a cikinta ba sai an fesa, wai ƙawayenta na tambaya ko motar farauta ce. Mai shagon ya kira jiya da daddare fitilar bayan ta iso, amma ta hagu ce kawai, ta daman sai wata kwantenar.