Pacemaker ko Keepalived: wanda za ka ɗora a kan sabobin nan biyu

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaye ni wanne za ka ɗora tsakanin Pacemaker da Keepalived, manhajojin da ke sa saba ɗaya ta karɓi aikin 'yar'uwarta in ta faɗi. Tunda rumbun bayanan ɗalibai ne a kan sabobin nan biyu, kuma manhajar PostgreSQL ke riƙe da shi, Pacemaker da abokin aikinsa Corosync za ka ɗauka, ka bar Keepalived. Ka kuma nemo wata 'yar kwamfuta ta uku, ko da tsohuwa ce da ke kwance a sito, don ita za ta riƙa raba gardama tsakanin manyan biyu.

Keepalived ba shi da laifi a wurin da aka yi shi dominsa. Aikinsa guda ne, ya riƙe adireshin IP ɗaya tsakanin injuna biyu ta hanyar wata ƙa'idar sadarwa mai suna VRRP. Babbar saba tana shelar tana nan da rai duk daƙiƙa ɗaya, in ƙaramar ta ji shiru na kamar daƙiƙa uku sai ta ɗauke adireshin. Fayil ɗaya ne mai 'yan layuka: virtual_router_id iri ɗaya a duka biyun, priority na babbar ya ɗara na ƙaramar, shi ke nan. Ina da shi a gaban HAProxy, manhajar da ke rarraba buƙatun masu shigowa tsakanin sabobi, yana yin abin da aka sa shi. Amma bai san faifai ba, ba ya ƙidayar ƙuri'a don a san mai rinjaye, ba ya iya kashe sabar da ta rikice. Ranar da suka daina jin juna alhali duk suna da rai, kowace za ta ce ita ce MASTER. A kan rumbun bayanai wannan kamar akawu biyu ne kowa da nasa littafin bashi, kowa na karɓar kuɗi yana rubutawa. Da yamma ba ka san littafin da za ka yarda da shi ba.

Pacemaker kuwa shi nake amfani da shi a wani ɗan asibitin kuɗi da nake duba wa kayan aiki a nan cikin gari, kuma wallahi ya sha fitar da ni kunya. A wata bazara, irin ranakun Afrilun nan da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, aka ɗauke wuta da azahar. UPS ya riƙe sabobin, amma na'urar sanyaya ɗakin ba ta kan layinsa, kuma janareto ya yi gardamar tashi. Ɗakin ya gasu, saba ta farko ta sandare: fitilunta na ci, fankokinta na ihu, amma ba ta amsa kowa. Ina masallaci a lokacin. Da na iso na buga pcs status, umarnin da ke nuna halin da sabobin ke ciki, sai na tarar an gama komai. Ta farko tana OFFLINE, an kashe ta ta iDRAC ɗinta, wato ɗan katin da ke cikin saba wanda ake kunna ta ko kashe ta da shi daga nesa, DRBD mai kwafe faifan wannan zuwa waccan ya mayar da ta biyu shugaba, PostgreSQL ya tashi a kanta, adireshin ya biyo shi. Na tambayi yarinyar da ke teburin katin marasa lafiya ko ta ga wata matsala, ta ce shafin ya ɗan tsaya mata ne, ta sake latsawa ya buɗe. Layin mata masu goyo da ke gabanta ko motsi bai yi ba. Ba a rasa sunan mutum ɗaya ba.

Sai dai wannan bai zo haka kawai ba, saitin ne ya yi aiki. Corosync shi ke lura da waye ke nan waye ba ya nan, Pacemaker kuma shi ke yanke abin da zai gudana a ina. Abu na farko, kuma kada ka bari kowa ya ruɗe ka a kansa: stonith-enabled, saitin da ke ba saba ɗaya ikon kashe 'yar'uwarta, yana zuwa ne a kunne, ka bar shi a kunne. Da yawa daga darussan da ke yawo a intanet suna fara ne da cewa a kashe shi don a ga abu ya tashi da wuri. Shi ne fa ke tabbatar da cewa sabar da ta yi shiru ta mutu da gaske kafin 'yar'uwarta ta taɓa faifai. Ka haɗa shi da fence_ipmilan, ɗan shirin da ke aika umarnin kashewar, ta iDRAC in Dell ce, ta iLO in HP ce. A Dell sai ka shiga ka kunna IPMI, wato ƙa'idar da umarnin ke bi, ta hanyar sadarwa da hannunka, domin a kashe yake zuwa.

Sai maganar ƙuri'a. Saba biyu ƙuri'a biyu ce, in suka rabu babu mai rinjaye. Akwai hanyar gajarta, wato a sa two_node: 1 a cikin corosync.conf, wanda ke jawo wait_for_all tare da shi. Ma'anarsa, in duka biyun suka mutu, wadda ta fara tashi za ta zauna jiran ɗayar kafin ta fara aiki. Ga mu da wuta ke ɗauke mana komai lokaci guda, ka ga wannan jiran zai iya cin yini in ɗayar ta ƙi tashi. Kuma in suka daina jin juna, kowace za ta yi rige-rigen kashe 'yar'uwarta, sai ka sa pcmk_delay_base a kan na'urar da ke kashe wadda ka fi so ta tsira, don a jinkirta mata. Yana aiki, amma ni na fi natsuwa da ta ukun nan. Ka zuba mata manhajar raba gardamar, corosync-qnetd, manyan biyu kuma corosync-qdevice, ka buɗe ƙofar TCP 5403, ka zaɓi ffsplit, tsarin da ke ba ɗaya kaɗai ƙuri'arta in suka rabu. Ba ta ɗaukar wani nauyi, ko 'yar mitsitsiyar kwamfuta irin Raspberry Pi ta isa. Ka dai aje ta a wani ofis dabam, kan wata inbata dabam. Da ita no-quorum-policy zai zauna a stop yadda ya zo, duk wadda ta rasa rinjaye ta sauke kayanta.

Ga kuma wani rami da ya fi shafar irinmu. iDRAC daga jikin sabar yake shan wuta. In wuta ta yanke wa saba ɗaya ɗungurungum, iDRAC ɗinta ma ya mutu, mai rai za ta yi ta aika umarnin kashewa babu amsa. Tunda ba ta samu tabbaci ba, ba za ta ɗauki aikin ba, za ta tsaya cak. Mutane da yawa a nan suke cewa Pacemaker ba shi da kirki, alhali gaskiyarsa ce. Magani biyu ne kuma duka nake yi. Kowace saba ta kasance da gidan wuta biyu, kowanne a kan UPS dabam. Sannan a kunna SBD, wani shirin kashewa da ke aiki da agogon tsaro (watchdog) na cikin injin, yadda sabar da ta rasa rinjaye za ta kashe kanta, ɗayar kuma ta jira iya stonith-watchdog-timeout ta ci gaba. SBD marar faifai yana bukatar rinjaye na gaske, wani dalilin ke nan na kwamfuta ta uku.

Sauran ƙanana ne, amma ka duba su. Corosync 3 yana karɓar layin sadarwa har 8, ka ba shi biyu: ɗaya ta suwic, ɗaya waya kai tsaye daga wannan saba zuwa waccan. Lokacin token, wato iya jiran da Corosync ke yi kafin ya ce saba ta ɓace, ya kasance 1000 a tsofaffin fitowa, daga 3.1 aka mayar da shi 3000, wato daƙiƙa uku. In suwic ɗinka na kan yi atishawa lokacin sauya wuta zuwa janareto, ƙara shi zuwa 5000 ya fi maka a kashe lafiyayyar saba a banza. Ka sa resource-stickiness ya kai 100, kada aiki ya riƙa komawa kan ta farko da zarar ta farfaɗo, tun ba ka gano abin da ya kayar da ita ba. DRBD kuma ka bar shi a kan protocol C, ba ya cewa an rubuta sai rubutun ya sauka a faifan duka biyun.

Ban ɓoye maka ba, Pacemaker ya fi wuyar koyo nesa ba kusa ba, kuma saƙonnin kuskurensa sai ka zauna da su. Ka ware masa lokaci a hutun makaranta.

Ba ka tambaya ba, amma tunda na ji kamar ba ka riga ka sayi ta biyun ba, ka yi hattara da wasu masu kawo sabobin hannu. Akwai masu amana a cikinsu, akwai kuma waɗanda ba sa tsoron Allah. Kada ka biya kuɗi a kan hoto. A kunna ta a gabanka, ka jona kwamfutarka a ƙofar iDRAC ko iLO, ka kashe ta ka kunna ta da ipmitool da kanka. In ya ce ya manta kalmar sirri, ya gyara kafin a yi ciniki. Ka leƙa shafin lasisi, domin Dell na da lasisin gwaji na kwana 30, wasu kuma shi suke zubawa su sayar maka a kuɗin na dindindin. Ka zaro gidajen wutar biyu ka gani da idonka, sau da yawa ɗaya murfi ne kawai babu komai a bayansa. Batirin katin RAID, mai sarrafa faifai, ma a duba, in ya mutu rubutu zai yi ta jan ƙafa ka ɗauka laifin DRBD ne. Faifai kuma smartctl zai nuna maka awannin da ya yi yana aiki, komai ƙyallin da aka goge shi ya yi. Haka masu zuwa su ce za su haɗa maka komai cikin yini ɗaya: kafin ka sallame su ka buga pcs property, in ka ga stonith-enabled a false, aikin bai ƙare ba, kada ka cika musu kuɗi.

Saboda haka ka je ka ɗora Pacemaker da Corosync a kan biyun, DRBD a ƙarƙashin PostgreSQL, qnetd a kan ta uku. Kafin ɗalibai su dawo, ka samu ranar da ba kowa, ka zare wayar sadarwa ta farko ka ga abin da zai faru, ka mayar, sannan ka zare mata wuta gaba ɗaya. Ka yi wa ta biyu haka. Duk inda ya tsaya maka, turo mini abin da pcs status da corosync-quorumtool -s suka nuna, in sha Allahu za mu duba tare.