Fayif ko katako: wanne ya fi riƙe takardar gwajin bindigar talotalo?

Malam, ka ce bana ne karonka na farko a farautar talotalon daji a Fensilbaniya ta Amurka, ka sayi bindiga mai watsa ƙwaya, mai lamba 12 (lambar girman bakinta ke nan), kana so ka ga yadda take watsa ƙwaya kafin a buɗe farauta, sai dai ka rasa da me za ka haɗa abin da zai tsayar maka da takarda, fayif ɗin ruwa na roba ko katako. Duka biyun na haɗa, na kuma harbe su. A kan katako na tsaya.

Sai ka san abin da ake nema a takardar kafin ka gane dalilina. Kan talotalo da wuyansa ake aunawa, domin gashin fukafukinsa yana tare ƙwaya, ka same shi a jiki ya tsere da rauni ya je ya mutu inda ba wanda zai yanka shi. Kan kuwa bai kai dunƙulen hannu ba. Shi ya sa maharban nan suke kafa takarda a yadi 40, mita 36 da ɗoriya ke nan, su harba, su nemo inda huji ya fi taruwa, su zana da'ira mai faɗin inci 10 a wurin, su ƙirga. Abin da aka saba nema huji 100 ne ko fiye, kuma kada a ga wani fili a ciki da kan tsuntsu zai iya shigewa. Bayan harbi ake zana da'irar, ba kafin ba. Takardar nan ta kanti mai hoton kan talotalo ta yi ƙanƙanta da wannan aikin. Idan bindigarka tana karkata hagu da inci 6, rabin ƙwayar zai bi ta gefe, ka zauna kana ɗora wa harsashi laifi. Nemi takardar naɗe kaya mai faɗin inci 36, ka manna ta a jikin kwali mai girman haka. To allo mai wannan faɗin, da iska ta ɗan motsa sai ta cika shi kamar zanin da aka shanya, kuma a nan fayif da katako suke raba hanya.

Fayif yana da daɗin sha'ani a gida, wannan ba musu. Zarto kawai kake bukata, ka yanka, ka cusa a ti da elbo, minti talatin ka gama. In ba ka sa masa gam ba, ka warware shi ya kwanta a but ɗin mota, yaro ma ya ɗauka da hannu ɗaya. Rashin nauyin nan shi ne kuma cutarsa. Wata safiyar Maris na kafa nawa, na koma na zauna, na daidaita, ina jan kunama iska ta tura allon baya. Bai faɗi ba, ya dai jingina, sai ƙwayar ta sauka a karkace, lissafin ya ɓaci. Harsashin TSS ne, wato mai ƙwayar ƙarfen tungistin, irin wanda harsashi ɗaya yake cin dala 10 ko fiye. Na ɗora buhun yashi a ƙafafun na sake harbawa, wannan karon wata ƙwaya da ta yi gefe ta sami fayif ɗin tsaye. Roba a cikin sanyi ba ta huda, fashewa take yi kamar tangaran. Na kwashi gutsattsari na koma gida da takarda ɗaya tal da zan iya ƙirgawa.

Kada ka ce ai kai ba za ka kuskure ba. Ko bindigar da ta fi kowace tara ƙwaya tana da masu fita daga garke. Girman ƙwaya da lamba ake faɗinsa, da lamba ta ƙaru ƙwaya ta ƙanƙance: oza ɗaya ta dalma lamba 6 tana da ƙwaya wajen 225, lamba 5 wajen 170, TSS lamba 9 kuwa wajen 360. Ana iya ƙananta ƙwayar TSS haka ne saboda tungistin ya fi dalma nauyi sosai, giram 18 a inda dalma mai girma ɗaya da shi take da 11. Harsashin TSS mai oza 2 ya haura ƙwaya 700 ke nan. A cikinsu dole wasu su sami sandunan gefe.

Katako shanye su yake yi. Nawa tubaifo ne, wato katako mai inci 2 da 4: guda biyu masu tsawon inci 30 a kwance su ne ƙafafu, biyu kuma na gicciye a tsakiya, na bar rata tsakaninsu daidai kaurin siririn katakon nan wanbaitu. Sandunan tsaye zura su kawai nake yi a ratar, ba ƙusa ba sukuru, in buga kwalin a jikinsu da sitefula. Sandar da ta sha ƙwaya har ta gaji, in zare in sa wata, kuɗinta bai kai na kofin shayi ba. Gindin yana da nauyin da iskar safiya ba ta ɗaga shi, in ta yi ƙarfi kuma dutse ɗaya ya wadatar. Aibinsa biyu ne. Yana cin wuri a mota, sannan in ka bar shi a waje ruwan Afrilu ya jiƙa shi, katakon ya kumbura, ratar ta matse, sai ka yi kokawa kafin sanda ta shiga. Na ƙara wa tawa ratar kaurin kwali ɗaya, maganar ta mutu.

Akwai masu haɗa biyun, gindi na fayif, sanduna na katako a zure cikin gajerun bututu. In wurin gwajinka yana da nisa da inda kake ajiye mota, wannan ya fi, tunda robar tana can ƙasa inda ƙwaya ba ta cika zuwa ba. Ka dai tafi kanti da guntun sandar ka gwada ta a bakin fayif ɗin kafin ka biya, don wanbaitu yakan ƙi shiga mai inci ɗaya da rabi. Kuma buhun yashi bai bar ka ba.

Ƙarfe kam ka manta da shi. A Ingila akwai tsohuwar al'adar harbin farantin ƙarfe da aka shafa wa fenti, amma da dalma ake yi, mai laushi ce, lotsewa take. Tungistin da ƙwayar ƙarfe tsalle suke yi su dawo. Ko wane iri ka haɗa, ya kasance akwai tudun ƙasa a bayan allon, ka kuma sa gilashin ido da abin toshe kunne.

Tsayi ma ka kula da shi, a nan fayif yakan ruɗi mutum ya yi dogon firam saboda sauƙin yanka. A zaune ake harbin talotalo, ka jingina da bishiya, bindiga a kan gwiwa, kan tsuntsun bai wuce inci 30 zuwa 36 daga ƙasa ba in ya miƙe wuya. Tsakiyar takardarka ta tsaya nan wajen, ka gwada a zaune yadda za ka yi a daji. Gajeren allo ma ya fi jure iska.

Ranar gwaji ka fara da harsashi mai arha a yadi 15 ko 20, don ka ga ko bindigar tana kai ƙwaya inda ka auna. Sai ta daidaita sannan ka ja baya zuwa 40 ka sa mai tsadar. Sabuwar takarda kowane harbi, ka rubuta nisa da lambar ƙwaya da cok ɗin da ke bakin bindigar, wato abin da ke matse ƙwaya, a kusurwar takardar tun kafin ka harba, don da ka tara huɗu ba za ka ƙara tuna wacce ce wacce ba. Ƙirga ta bayan takardar ya fi sauƙi, inda bakin hujin ya taso, kana ɗiga wa kowanne alama da alƙalamin maka. Ka yi guda ɗaya kuma a yadi 10 ka gani da idonka: abin da bai fi tafin hannu ba zai fito, kuma talotalon da ya amsa kira sau da yawa kusa haka yake zuwa.