Gidan Zoo, Gidan Makama ko Dutsen Dala: ina ya kamata a kai yara a Kano?

Kafin a yi maganar kuɗin shiga, a duba shekarun autan gidan, domin shi zai yanke inda za a je da lokacin da za a dawo.

In akwai ɗan ƙasa da shekara biyar, Gidan Zoo na Audu Bako ya fi dacewa. Fili ne mai faɗi da bishiyoyi, ana iya shimfiɗa tabarma a inuwa a buɗe kular abinci, yaro kuma ba ya bukatar bayani kafin biri ko jimina su burge shi. Tikitin ba shi ne ke cin aljihu ba. Lilo, mai hoto, mai askirim da mai balan-balan, kowanne sai ka biya sau adadin yaranka, don haka a yi musu iyaka tun daga gida. Da rana tsaka dabbobin kan lafe, zaki ya juya baya ya yi ta barci, gara a isa da hantsi. Kwanakin Sallah kuwa, duk da nan ne ake yayin zuwa, ni ban ba mai goyo shawara ba: cunkoson yakan kai ga raba yaro da hannun uwarsa.

Gidan Makama na 'yan firamare ne zuwa sama. An gina shi a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, wanda ya sarauci Kano daga 1463 zuwa 1499, kuma yana daf da fadar Sarki. Katangun ƙasa masu kauri suna riƙe sanyi ko da bazara. Abin da ke tsayar da yara a ciki shi ne tsofaffin ƙyauren ƙofofin birni, kayan yaƙi, da ɗakin amarya da jerensa. A nemi ma'aikacin da zai zagaya da ku, a kuma yi masa ihsani. In ba haka ba, yaro zai ratsa ɗakunan cikin minti goma ya ce an gama. Ranar Juma'a kusa da azahar unguwar takan cushe saboda masallaci.

Daga nan Marinar Ƙofar Mata ba nisa, kuma haɗa su biyun a fita ɗaya ya fi komai arha a mota. Yara za su ga ana tsoma ƙyalle cikin ruwan baba a ɗago shi kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gabansu. Sai dai ramukan a buɗe suke, daidai da ƙasa. Hannun ƙarami ya zauna cikin naka, farar shadda kuma a bar ta a gida.

Dutsen Dala shi ne mafi sauƙin kuɗi, shi ne kuma mafi wahalar jiki. Daga sama ana hango tsohon birni gaba ɗaya, ga labarin Barbushe da Tsumburbura da za a ba yara a inda ya faru. Amma matakala ce mai tsawo, saman ba inuwa, gefuna kuma na bukatar ido. Wanda ke da ɗan shekara uku ya san a wuya zai hau da shi. Na 'yan takwas zuwa sama ne, da sanyin safiya ko bayan la'asar, ba ranar da hazon hunturu ya rufe gari ba.

Gidan da ke da manya da ƙanana a haɗe, a yi Gidan Makama da safe na awa guda, a wuce Gidan Zoo a ci abinci, a kama hanya kafin la'asar. Dala a ware mata wata Asabar ɗin, Baba da manyan yara kawai.