GTX 1060, RX 580 ko GTX 1660 Super: wane tsohon kati ne har yanzu yake ɗaukar gem?

Duk mai son haɗa kwamfutar tebur don buga gem ba tare da ya sayi sabon katin girafik ba, sunaye kaɗan ne za su yi ta dawo masa: GTX 1050 Ti, GTX 1060 da GTX 1070 na Nvidia, RX 570 da RX 580 na AMD, sai GTX 1650 da GTX 1660 Super da suka biyo baya. Dukkansu sun fito ne tsakanin 2016 da 2019, kuma a allon 1080p ya kamata a auna su, domin a nan ƙarfinsu yake. Lokacin fitowarsu an sha gardama kan wanda ya fi wani da firam biyar ko shida a daƙiƙa. Yau abin da ya fi raba su shi ne yawan ƙwaƙwalwar da ke kan katin, wutar da yake sha, da ko kamfanin da ya ƙera shi yana ci gaba da yi masa direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da katin.

Mu fara da tsofaffin abokan hamayya biyu. GTX 1060 mai 6GB ya fito a 2016, yana shan wat 120, fulogi ɗaya mai rami 6 ya ishe shi. RX 580 ya fito a 2017, yana shan wat 185, yana buƙatar fulogi mai rami 8, wasu samfuran ma har da ƙarin mai rami 6. A gudu kusan kunnen doki suke, ya danganta da tsarin da wasa ke bi wajen magana da katin: wasannin DirectX 11 sun fi karkata ga 1060, waɗanda aka gina kan DirectX 12 da Vulkan kuma sukan ba RX 580 ɗan rinjaye. Inda RX 580 ya tsufa da kyau shi ne ƙwaƙwalwa. Samfurinsa mai 8GB yana da hanyar bayanai mai faɗin bit 256, tana kwasar 256GB a daƙiƙa, shi kuwa 1060 bit 192 gare shi da 192GB a daƙiƙa. Sababbin wasanni suna cika ƙwaƙwalwa da zanen jikin bango, ƙasa, tufafi da fuskoki. Da zarar ta cika, katin zai koma aron RAM ɗin kwamfuta ta ramin PCIe da ake soka katin a ciki, wanda ya fi jinkiri nesa ba kusa ba. A nan ne za ka ga ma'aunin firam yana nuna 50 amma hoton yana sarƙewa duk lokacin da ka juya kyamara, ko bango ya tsaya dishi-dishi na 'yan daƙiƙoƙi kafin zanensa ya bayyana. Mai 8GB ya fi jure wannan.

Kuɗin wannan fifikon a wuta ake biyansa. Bambancin wat 65 zafi ne da dole ya fita daga cikin akwatin, ga ƙarar fanka, ga nauyi a kan akwatin wuta, wato PSU. Nvidia ta ba da shawarar PSU mai wat 400 ga 1060, AMD kuma wat 500 ga RX 580. Kada ka tsaya ga babbar lambar da ke jikin kwali. Duba takardar da ke manne a gefen PSU ɗin, nemi layin 12V, ka ninka amfiya da 12. Idan an rubuta 12V 18A, wat 216 ke nan kacal za a raba tsakanin furosesa da kati, ko da an buga 500W da manyan baƙaƙe a sama. Irin wannan shi ke sa kwamfuta ta mutu ɗif a tsakiyar wasa alhali tana aiki lafiya a burauza. Haka kuma a guji 'yar wayar nan da ke mayar da fulogin SATA zuwa mai rami 8. Fulogin SATA bai wuce wat 54 a layin 12V ba, shi kuwa mai rami 8 an yi shi ne don wat 150, saboda haka robar takan yi zafi har ta narke.

Akwai tarko biyu a cikin sunayen nan. GTX 1060 mai 3GB ba ƙwaƙwalwa kaɗai aka rage masa ba, har ƙwayoyin sarrafawa an rage daga 1280 zuwa 1152. A wasannin gasa marasa nauyi zai yi aiki, amma 3GB ta yi kaɗan ga manyan wasannin shekarun nan, kuma ba na ba kowa shawarar sa sai in babu yadda za a yi. Na biyu shi ne RX 580 2048SP da aka fitar don kasuwar Sin a 2018. Cikakken RX 580 ƙwayoyi 2304 gare shi, wannan kuwa 2048, daidai da RX 570. Ba katin banza ba ne, sai dai a san cewa 570 ne aka yi wa sabon suna, a kuma yi cinikinsa a haka.

GTX 1660 Super shi ne zaɓina a cikin jerin. Ya fito a ƙarshen 2019 da ƙwaƙwalwar GDDR6 mai 6GB da ke kwasar 336GB a daƙiƙa, yana shan wat 125 kawai, kuma a gudu ya bar 1060 da RX 580 a baya sosai, yana dab da GTX 1070. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne gininsa na Turing, tsarin ƙirar Nvidia da ya biyo bayan Pascal na jerin GTX 10. Nvidia ta sanar cewa jerin direbobi na 580 shi ne na ƙarshe ga katunan Maxwell da Pascal, wato jerin GTX 900 da GTX 10. Gyaran da ake yi don sababbin wasanni ya tsaya musu a Oktoban 2025, saura na tsaro kawai har zuwa 2028. Jerin GTX 16 bai shiga wannan yankan ba. Ita ma AMD tun ƙarshen 2023 ta ware RX 400 da RX 500 zuwa wani reshen direba da ba a sabunta shi akai-akai. Katin da aka daina yi wa direba ba ya daina aiki, wasannin da yake bugawa jiya zai buga su gobe. Matsalar tana zuwa ne ran da sabon wasa ya fito da wani kuskure a kan katin, babu mai gyara shi.

Tsakanin 1070 da 1660 Super akwai ɗan tunani. 1070 yana da 8GB, yana shan wat 150, kuma in wasanninka na 2022 zuwa baya ne, ƙarin 2GB ɗin zai ba ka damar ɗaga ingancin zane. In kuwa idonka na kan abin da ke fitowa yanzu, 1660 Super ya fi, haka ma ga mai naɗar wasa ko yaɗa shi kai tsaye, domin sashen naɗar bidiyonsa na NVENC ya fi na Pascal tsabtar hoto.

Sai dai akwai bangon da babu ɗayansu da zai tsallake. Wasanni irin su Indiana Jones and the Great Circle na 2024 da Doom: The Dark Ages na 2025 suna buƙatar kati mai sashen bin diddigin haske (ray tracing) a jikinsa, kuma duk katunan nan ba su da shi. Ba batun rage saiti ba ne, wasan ba zai buɗe ba. Wanda yake son waɗannan sai ya fara daga jerin RTX 20 ko RX 6000, ya kuma duba yawan ƙwaƙwalwar da wasan ya nema. DLSS ma, dabarar Nvidia ta zana ƙaramin hoto a faɗaɗa shi don a ƙara firam, na katunan RTX ne kaɗai, amma takwaransa FSR na AMD yana aiki a kan duk waɗanda muka lissafa, kuma shi ne ke ƙara musu kwana.

GTX 1050 Ti da GTX 1650 dalili ɗaya ne ke sa a saye su: yawancin samfuransu ba sa buƙatar fulogi, wat 75 na ramin PCIe ya ishe su, kuma akwai gajerun samfura da ke shiga siririyar kwamfutar ofis wadda ba a iya canza mata PSU cikin sauƙi. In akwatinka na da wuri da wuta, RX 570 ya fi 1050 Ti gudu ƙwarai. GTX 970 kuwa an rubuta masa 4GB, amma 3.5GB ne ke gudu da cikakken sauri, ragowar rabin gigar tana tafiyar hawainiya. Shi da GTX 750 Ti da duk wani mai 2GB, na tsofaffin wasanni ne.

Yanzu batun duba katin hannu, inda aka fi yin asara. An yi amfani da RX 570 da RX 580 masu yawan gaske wajen haƙar kuɗin intanet na Ethereum har zuwa Satumban 2022 da aka daina haƙar ta da kati, daga nan suka cika kasuwa. Haƙa ba lalle ta kashe guntun ba, abin da take ci shi ne fanka da ƙwaƙwalwa, kuma masu haƙa sukan sauya BIOS ɗin katin, wato 'yar manhajar da ke cikin katin kansa. Alamarsa ita ce direban AMD ya ƙi hawa, Windows ta nuna kuskure mai lamba 43. Wasu katunan, kamar Sapphire Nitro+, suna da ɗan makunni a gefe mai BIOS biyu. Kashe kwamfutar, tura makunnin ɗaya ɓangaren, sau da yawa na asalin yana nan.

Kafin ka biya, sa katin a kwamfuta ka buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati. Duba yawan ƙwayoyi, faɗin hanya da nau'in ƙwaƙwalwa, su dace da abin da aka ce ana sayar maka. Akwai jabun GTX 1050 Ti waɗanda asalinsu GTS 450 ne na 2010 aka sauya musu suna a BIOS, kuma manhajar takan rubuta musu FAKE a gaban sunan. Kafar VGA mai shuɗi a bayan katin da aka ce 1050 Ti ko 1060 ne babban abin tuhuma ce, domin guntun Pascal ba ya fitar da siginar analog. Wannan kuma yana nufin mai tsohuwar monita ta VGA zai buƙaci na'urar juya sigina mai guntu a ciki, ƙaramin kan DVI zuwa VGA ba zai nuna komai ba. Daga nan ka kunna manhajar gwajin nauyi irin Unigine Heaven ko FurMark na minti 20 zuwa 30 kana kallon zafi. Katunan Pascal sukan fara rage gudu da kansu a wajen digiri 83, don haka wanda ya kai nan cikin minti biyu fanka na ihu, man da ke tsakanin guntu da ƙarfen sanyaya ya bushe. Wannan mai sauƙi ne. Ɗigo-ɗigo masu launi, layuka a allo, ko baƙin allo da zarar nauyi ya hau, alamar ƙwaƙwalwa ce ko dalmar ƙarƙashin guntu, kuma irin wannan a bar shi inda yake. Gwajin ƙwaƙwalwar kati (VRAM) na manhajar OCCT yakan tono kuskuren da ido bai gani ba. Kashe kwamfutar, juya kowace fanka da yatsa: in tana girgiɗi ko gurzawa, ta kusa. Gwada kowace kafar HDMI da DisplayPort ɗaya bayan ɗaya.

Canza man ba wuya: kwance sukurori huɗu masu sifirin da ke bayan guntu, tare da duk wasu da ke riƙe da ƙarfen, zare wayar fanka a hankali, goge tsohon man da isofurofil, shafa sabo ya rufe fuskar guntun baki ɗaya, sannan ka ɗaure sukurorin a gicciye, kaɗan-kaɗan. Wurin da ake kuskure shi ne 'yan katifun zafi da ke kan ƙwaƙwalwa. In ba su yage ba, a bar su. In za a canza, kaurin ya zama daidai da na asali, domin wanda ya ɗara da rabin milimita zai ɗage ƙarfen daga kan guntu, zafi ya fi na da. In kuma daga Nvidia za ka koma AMD, ko akasin haka, share tsohon direba da manhajar DDU tukuna kafin ka sa sabon katin.