"Kana da kyanwa a gida?"

'Yan uwa, wata huɗu ke nan wani ƙurji ya fito min a tsakar kai, ja jawur, girman ƙwayar gyaɗa, da mataji ya taɓa shi sai jini. Na ɗora laifin a kan mai aski, wanda ke karɓar fam 15 ya yi maka kwal a minti goma ko gaisuwa babu. Allah ya jiƙan wanzaminmu na bakin kasuwa, shi har labarin gari sai ka ji.

Na je kemis neman kafso, yarinyar ta dube ni kamar na ce ta ba ni bindiga. A Ingila ba a sayar da kafson kashe ƙwayoyin cuta haka kawai, galibi sai da takardar likita. Ganin likitan kuwa, ka buga waya ƙarfe takwas na safe, a ce layi ya cika. Da na samu, ya tura ni wajen likitar fata, na ƙara zaman jira, ƙurji ya zama uku.

Ranar da na shiga, ta sa madubi ta duba, ta yanki ɗan nama ta aika ɗakin gwaji. Sai tambayoyi. Ko na taɓa yin kwarkwata? Ko zan yarda a yi min gwajin ƙanjamau? Ni da girmana, da furfura a gemu! Wallahi saura kaɗan in ɗauki hulata in fita. Can sai ta ce, kana da kyanwa a gida?

Akwai kuwa. 'Yar autata ta matsa sai da aka samo mata ɗan mage, kuma a kan matashina yake kwana.

Bayan sati biyu ta zaunar da ni ta yi bayani dalla-dalla. Ƙwayar cuta ce mai suna Bartonella, tana sa ƙananan hanyoyin jini su yi ta tsiro a fata har su dunƙule. Iri biyu ne, ɗaya kyanwa ke ɗauke da shi, ƙuma na yaɗa shi tsakaninsu, mutum ya samu ta yakushi. Ɗayan kwarkwatar jiki ke kawowa. A 1983 aka fara bayyana ciwon a Amurka, a jikin mai ƙanjamau, sai 1990 aka gano ƙwayar. Dalilin tambayoyinta ke nan, ba raini ba ne. Gwajina ya fito lafiya lau, maganin ciwon gaɓoɓi da nake sha ne ya rage min garkuwar jiki. Ta ce a ido yana kama da ciwon dajin fata da ake kira Kaposi, shi ya sa ba a yi masa canke.

Mu kuwa canke muka iya. Da a gida ne, da tuni an yi masa sakiya, ko yaron kemis ya ƙulla min ƙwayoyi kala biyar a leda, in sha na kwana uku in watsar. Nan maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna doxycycline kaɗai aka ba ni, na wata uku cur, kowace takarda fam 9.90.

Sai dai duk wannan jinya ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce sannu. Maƙwabcina ya gan ni da bandeji a ka, ya yi min zancen ruwan sama. Inna ce kaɗai ke kira kullum, tana cewa a kori magen nan, kuma ta ba wani mai zuwa saƙon man kaɗanya da sabulun salo. Magen dai an kai shi likitan dabbobi an kashe masa ƙuma, kuma kuɗinsa ya fi nawa.