Shekara uku da Medigap Plan G muna yawo a Amurka

Jama'a tun da ni da maigida muka yi ritaya muka sayar da gida muka koma rayuwa cikin babbar motar nan mai ɗaki da kicin, tambayar da aka fi yi min ita ce wai idan ciwo ya kama ku a hanya fa? To ga abin da na gani a shekara uku da inshorar ƙari ta Medigap Plan G.

Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka da ake shiga a shekara 65, yana biyan kashi 80 ne na kuɗin likita, sauran 20 ɗin naka ne kuma ba shi da iyaka, ciwo ɗaya mai tsanani sai ya cinye tanadin mutum. Plan G shi ke cike wannan giɓin, abin da ya rage a kanka kawai kuɗin farko da kake biya duk shekara na Part B, wato ɓangaren Medicare na ganin likita, dala 257 a 2025. Abin da ya sa na fi son shi kuwa duk likitan da ke karɓar Medicare a kowace jiha zai duba ka. A Arizona hawan jinin maigida ya tashi, a Montana ni na faɗi na goce ƙafa, wallahi babu wanda ya tambaye mu daga ina muka fito, kati kawai muka miƙa.

Da farko Medicare Advantage, wato tsarin Medicare da kamfanoni masu zaman kansu ke gudanarwa, aka so a tura mu saboda arha, Allah ya taimake mu muka yi tambaya, shi yana da likitocinsa da yankinsa, kuma idan ka wuce wata shida a wajen yankin za su iya cire ka. Wanda gidansa ke kan taya ina zai kai wannan?

Inda muka sha wuya shi ne adireshi. Dole ka zama ɗan wata jiha a takarda ko da ba ka kwana a can, kuma da lambar unguwar adireshin ake yanka maka kuɗin wata. Yawancin matafiya Texas ko Florida ko South Dakota suke zaɓa don ba sa karɓar harajin albashi na jiha. Mu South Dakota muka ɗauka, muka yi rajista da masu karɓar wasiƙa suna tura mana, muka kwana ɗaya a sansanin motoci muka kai rasit aka ba mu lasin tuƙi. Amma wakilin kamfanin inshora na farko da muka kira yana jin akwatin wasiƙa ne ya fara ja da baya, sati biyu yana mana yawo da hankali, ga shi wata shidan nan na farko bayan shiga Part B yana ta tafiya, lokacin da ba za a tambaye ka tarihin ciwo ba, idan ya wuce a yawancin jihohi suna iya ƙin ka ko su ƙara kuɗi, kuma maigida yana da ciwon suga. Hankalina ya tashi sosai. Kamfani na biyu ya karɓa da ya ga lasin da rajistar mota duk adireshi ɗaya. Don Allah ku daidaita takardunku kafin ku kira kowa.

Abin da ban so ba, kuɗin yana ƙaruwa kusan duk shekara kuma kowa da nasa, ba a haɗa mata da miji. Babu haƙori babu tabarau, magani ma sai ka yanki Part D daban. Wajen ƙasa kuma gaggawa kawai, yana biyan kashi 80 bayan ka biya dala 250 na farko, cikin kwana 60 na farkon tafiya, iyakarsa dala 50,000 tsawon rai, shi ya sa da za mu shiga Kanada muka sayi inshorar tafiya a kai.

Tauraro huɗu cikin biyar na ba shi, kuma bana ma mun sabunta.